Zauren Kwamfuta: Fayil ɗin hosts da toshe tallace-tallacen intanet

Masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan tallace-tallacen intanet suka zo, don haka na tara su wuri ɗaya. Ta farkon ce za ta cinye mana fili, domin sauran duk a jikinta suka rataya.

Daga wani mai shagon buga takardu a Zariya:

"Assalamu alaikum Malam. Ina da shago kusa da makaranta, kwamfuta huɗu, ɗalibai na zuwa cike fom da duba sakamako. Damuwata tallace-tallace. Da an buɗe shafi sai tallan caca ya faɗo, wani lokaci har da hotunan da ba su dace ba, ga 'yan mata a zaune, ni kuma ina tsaye a kansu kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga data tana ƙonewa. Wani yaro ya ce mini akwai fayil mai suna hosts da ke hana su fitowa ba sai an sa wata manhaja ba. Gaskiya ne? Kuma ba zai lalata mini inji ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Yaron nan gaskiya ya gaya maka, sai dai rabinta ya faɗa. Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don in ka gane wannan, ko ya ba ka matsala da kanka za ka warware.

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. In ka rubuta sunan shafi a burauza, sai ta fara nemo lambar gidan da shafin yake zaune. Kamar ka aiki yaro unguwar da bai sani ba ne, ka ce masa gidan wane. Zai je wajen mai unguwa a yi masa kwatance. Mai unguwar intanet shi ake kira DNS. To amma kafin yaron nan ya taka zuwa ko'ina, akwai 'yar takarda a aljihunsa da yake fara dubawa. In ya ga an rubuta kwatancen gidan a ciki, shi ke nan, ba zai tambayi kowa ba, abin da ke takardar zai bi ko da ƙarya ne. Wannan takardar ita ce hosts.

Kuma ta girmi mai unguwar. A shekarun 1970, lokacin da intanet take 'yar ƙarama ana ce mata ARPANET, sunayen duk kwamfutocin da ke kanta a fayil ɗaya tak suke, HOSTS.TXT. Wata cibiyar bincike ta SRI da ke jihar Kalifoniya a Amurka ce ke riƙe da shi, ƙarƙashin wata mata mai suna Elizabeth Feinler. Duk wanda ya haɗa sabon inji sai ya sanar da su, su ƙara layi, kowa kuma ya riƙa sauko da sabon kwafi. Da injuna suka yi yawa abin ya gagara, shi ne a 1983 Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS. Sai dai ba a jefar da tsohuwar takardar ba. Har yau tana nan a Windows da Linux da Mac, kuma ita ake fara dubawa.

Ga inda dabarar take. Shafin da ɗalibinka ya buɗe, galibi ba shi ke ɗauke da tallan ba. Fili kawai ya bari, ya ce wa burauza ta je gidan dillalan talla ta karɓo abin da za a liƙa a wurin. Babba a cikin dillalan nan shi ne doubleclick.net, wanda Google ya kammala saye a 2008. To in ka rubuta wa yaron aikenka cewa gidan dillalin nan yana lamba 0.0.0.0, lambar da babu gida a kanta, zai dawo hannu biyu. Labarin da ake son karantawa ya fito, filin talla ya zauna fayau. Kuma tun da ba a ɗauko hoton ko bidiyon ba, ba a ci datarka a kansa ba. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai inji huɗu.

A Windows fayil ɗin yana nan:

C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts

Kafin ka taɓa komai, kwafe shi ka ajiye a filas. Na roƙe ka kada ka tsallake wannan. Sannan ka nemo Notepad, ka danna masa maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Run as administrator", domin in ka buɗe shi haka kawai Windows ba za ta bari ka adana gyaran ba. Daga cikin Notepad ɗin ka bi adireshin can na sama. Za ka tarar da wurin kamar babu komai. Akwai, duba ƙasa ta dama inda aka rubuta "Text Documents" ka mayar da shi "All Files", zai bayyana.

Abin da za ka gani a ciki layuka ne na Turanci, kowanne ya fara da alamar #. Duk layin da ya fara da wannan alama kwamfuta ba ta karanta shi, bayani ne don mutane. Riƙe wannan, zai yi maka rana. Sauka can ƙarshe ka rubuta waɗannan don gwaji:

0.0.0.0 example.com
0.0.0.0 www.example.com

Lamba tukuna, sai tazara, sai suna. Ba a sa https, ba a sa komai a bayan sunan. Shi example.com an keɓe shi ne musamman don irin wannan misali, ba ka cutar da kowa ba. Adana, ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta wa Windows umarni, ka rubuta ipconfig /flushdns don injin ya manta tsohon kwatancen da ya haddace, ka rufe burauza ka sake buɗewa, ka nemi shafin. In ya ƙi buɗuwa, aiki ya yi. Gani ya kori ji. Sai ka goge layukan biyu.

In kuwa ya buɗe lafiya lau, kafin ka zargi kowa duba sunan fayil ɗin. Ranar da na fara yin wannan aiki, na fi awa guda ina gumi ina sake kunna inji, ashe Notepad ya maƙala masa wutsiya ya zama hosts.txt. Windows ba ta san wannan ba. Sunansa hosts ne tsurarsa.

Za ka ga wasu tsofaffin bayanai suna cewa a sa 127.0.0.1. Ita ma tana aiki. Ma'anarta "wannan injin da nake kai", wato ka aiki yaro ya zagaya ya ƙwanƙwasa ƙofar gidanku. Ni 0.0.0.0 nake sawa, don nan take yake haƙura ba ya tsayawa jiran a buɗe masa.

Sauran rabin da yaron bai gaya maka ba shi ne, fayil ɗin nan ba shi da wayo ko kaɗan. In ka toshe doubleclick.net, bai toshe ad.doubleclick.net ba, sai ka rubuta masa shi a layinsa daban. Ba ya gane "wane da duk iyalinsa". Dillalan talla kuwa dubbai ne, kullum suna buɗe sababbin sunaye. Shi ya sa ba wanda ke zama ya rubuta da hannu. Akwai mutanen da suka ɗauki shekaru suna tara sunayen suna rabawa kyauta. Dan Pollock yana da nasa jerin a someonewhocares.org, Peter Lowe yana da nasa. Wanda ya fi shahara yanzu shi ne na Steven Black a shafin GitHub, wanda ya haɗe jerin mutane da yawa wuri ɗaya. Abin da ya sa zai dace da kai: bayan na talla da shafukan cuta, yana da ƙari daban na shafukan caca, da na batsa, ka zaɓi haɗin da kake so. Ka kwafo, ka liƙa a ƙarƙashin abin da ke cikin naka, ka adana.

Abu biyu za su rage maka. Ka riƙa sabunta jerin, ko sau ɗaya a wata. Sannan ka buɗe wa ɗalibai asusu na talaka a kan injunan, wanda ba na mai gida ba, ka riƙe kalmar sirrin babban a wajenka. In ba haka ba, yaron da ya koya maka hosts shi ne zai fara goge shi ranar da ya so duba sakamakon ƙwallo a shafin caca. Kuma kada ka saki jiki cewa babu abin da zai ƙara faɗowa. Za ka ga sauƙi sosai, amma sunan da ba ya cikin jeri zai wuce.

Daga wani ɗalibi a Kaduna:

"Malam na sa fayil ɗin, shafukan labarai sun yi tsaf, amma YouTube da Facebook talla na nan daram. Ina na yi kuskure?"

Ba ka yi kuskure ba, ɗana, iyakar ƙarfinsa ke nan. Waɗannan biyun su ne masu kaya, su ne kuma dillalai; bidiyon da kake so da tallan da ba ka so ta ƙofa ɗaya suke fitowa. Fayil ɗin hosts mai gadi ne, zai iya cewa buhun shinkafar nan ba zai shigo ba, amma ba zai zauna da faranti yana tsince tsakuwa ba. In ka toshe ƙofar, ka rasa duka.

Mai tsintar tsakuwa shi ne ɗan ƙarin da ake ɗora wa burauza, kuma wanda na fi yarda da shi uBlock Origin ne, na Raymond Hill, tun 2014 yake. Shi yana duba cikin shafin kansa. Sai dai daga 2024 Chrome ya fara kashe cikakken nau'insa saboda sababbin ƙa'idoji, ya bar wani mai ƙarancin ƙarfi da ake kira uBlock Origin Lite. A Firefox cikakken yana aiki. Ka kuma sani tun 2023 YouTube ya tashi haiƙan yana yaƙar masu toshe talla, yau a ci gobe a rasa.

Daga wata malamar makaranta a Maraɗi:

"Ɗan ƙanina ya sa mini wannan abu a kwamfutata ya koma Yamai. Tun daga ranar, in na kunna ta sai ta daɗe kafin intanet ta kama. Kuma in na nemi abu a Google, na farko-farkon da ke sama in na danna sai ya ce ba a sami shafin ba. Don Allah yaya zan yi?"

Malama, sannu da haƙuri. Ciwo biyu ne, kuma dukansu na taɓa jawo wa wani da hannuna.

Na biyun ya fi sauƙi. Waɗancan na sama-saman da kike dannawa, ki lura da kyau, akwai ɗan rubutu a kansu da ke nuna cewa talla ne. In an danna su ba kai tsaye suke zuwa ba, sai sun biya ta www.googleadservices.com a ƙirga dannawar tukuna, kuma wannan suna yana cikin yawancin jerin. Ko dai ki gangara ƙasa kaɗan ki danna sakamakon da ba na talla ba, ko ki buɗe fayil ɗin yadda na kwatanta wa mutumin Zariya, ki nemo layin da sunan yake, ki sa masa # a farko. In Windows ɗinki ta Faransanci ce, Notepad sunansa Bloc-notes. Kada ki goge layin, alamar ta isa, gobe in kin canza shawara sai ki cire ta. Haka ake yi wa duk shafin da ya daina aiki bayan sa jeri.

Na farkon kuwa, ina kyautata zaton yaron ya zuba miki jeri mafi girma da ya samu. Yara haka suke, ni ma haka na yi. Shekarun baya yayata ta kawo mini tsohuwar kwamfutarta da take lissafin atamfa da ita, ta ce talla ya dame ta. Na ga dama ta samu in nuna gwaninta, na haɗa jeri uku na zuba mata. Da yamma sai ga waya. "Kai, me ka yi wa abin nan? Na kunna, na ɗora ruwan shayi, ya tafasa, har yanzu yana juyi." Garin neman ƙiba na samo mata rama. Dalili shi ne akwai wani ɓangare a Windows da ake kira DNS Client, wanda ke loda fayil ɗin gaba ɗaya. In layukan sun kai dubun-dubata kuma injin ya kwana biyu, sai ya tsaya yana ta nishi, intanet kuma ba za ta motsa ba sai ya gama.

Za ki ga masu ba da shawarar a kashe wannan ɓangaren. A Windows 10 da 11 ba ya kasuwa ta hanyar da aka saba sai an shiga can cikin hanjin injin, kuma wasu abubuwa sun dogara da shi. A bar kaza cikin gashinta. Magani shi ne a rage kaya: a mayar da asalin fayil ɗin, a sa ƙaramin jeri kamar na Peter Lowe. In yaron bai ajiye kwafin asali ba, babu damuwa, ki goge duk layukan da suka fara da 0.0.0.0, ki adana, ki sake kunna injin. Windows ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikinsu.

Daga wani ma'aikaci a Jos:

"Ni ban taɓa sanin fayil ɗin nan ba sai da manhajar tsaro ta Windows ta yi mini gargaɗi a kansa. Na buɗe na ga sunaye da yawa da ba ni na rubuta ba. Injin a hannu na saye shi."

Madalla da ka duba, Malam. Wannan takardar aljihu, yadda kai za ka iya yi wa yaron aike ƙarya don amfaninka, haka ɓarawo zai iya yi masa don nasa. Ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya kana kallon lambar da ke farko. In 0.0.0.0 ce ko 127.0.0.1, toshewa aka yi. Sau da yawa masu sa manhajojin da ba a biya kuɗinsu ba ne ke yin haka don kada manhajar ta tuntuɓi kamfaninta. Haka kuma tun 2020 Defender, wato manhajar tsaron nan ta Windows, na yin ƙara in ya ga an toshe wasu adireshin Microsoft. Amma in ka ga sunan kamfanin riga-kafin cutar kwamfuta a cikin waɗanda aka toshe, ba alheri ba ne, wani ne ba ya so injin ya sami sabon magani.

Wanda ya fi muni shi ne ka ga sunan banki, ko na imel, ko Facebook, an jingina shi da wata cikakkiyar lamba daban. Ma'anarsa za ka rubuta sunan bankinka daidai, harafi bai ɓace ba, a kai ka gidan wani da aka yi wa fenti irin na bankin. Galibi burauza za ta yi gargaɗin cewa shaidar shafin ba ta inganta ba, mutanenmu kuma sun saba danna "ci gaba" ba tare da karantawa ba. In ka ga irin wannan, canza kalmomin sirrinka daga wata na'ura daban. Injin hannu kuwa, ni shawarata kullum a share shi a sa sabuwar Windows kafin a shiga banki da shi.

Mutum uku sun tambayi waya. Android na da fayil ɗin, amma a kulle yake sai an fasa wayar, abin da ke sa wasu manhajojin banki su ƙi aiki. Ba sai an kai ga haka ba. Daga Android 9, wadda ta fito a 2018, akwai wuri a saitin sadarwa mai suna Private DNS. In ka rubuta dns.adguard-dns.com a ciki, ka canza mai unguwa ke nan zuwa wanda in an tambaye shi gidan dillalin talla zai ce bai san shi ba. Yana rage har tallan cikin wasannin yara. Sai dai ka sani sunan duk shafin da ka nema ta hannunsa zai bi. Mutumin Zariya, in injunanka suka ƙaru, akwai Pi-hole, wadda ake sawa a ƙaramin inji ɗaya ta zama mai unguwar shagon gaba ɗaya, ka huta da bin kowace kwamfuta.

Ta ƙarshe daga wani dattijo a Gusau, kuma ita ce editanmu ya ja wa layi da jan biro kafin ya miƙo mini:

"Masu shafukan nan da talla suke ci. In muka karanta labarinsu muka toshe tallan, ba mu ci haƙƙinsu ba?"

Baba, tambayarka ta taɓa ni, domin mujallar da kake karantawa ma da talla ake biyan masu rubuta ta. Abin da na tsaya a kai shi ne, datar da ake saukar da tallan da ita kuɗina ce, idon da zai gani nawa ne ko na 'ya'yana, kuma mai shafin kansa sau da yawa ba shi ya zaɓi abin da dillali zai liƙa masa ba. Ban ga dalilin da zai sa in bar tallan caca ya shigo ɗakin yara don wani ya sami kwabo ba. Amma ɗan jaridar da ya hau mota ya je Zurmi ko Shinkafi ya ɗauko labari, ya rubuta mini da Hausa kyauta, shi ma yana da iyali.

A nan ne fayil ɗin hosts ya gaza. Ba ya iya cewa a bar talla a wannan shafi a hana a wancan. In ya toshe dillali, ya toshe shi ko'ina. Don haka na raba. Injunan shago da wanda yara ke taɓawa a gida, hosts na sa musu da jerin caca da na batsa. Tawa ta aiki kuwa ban sa mata ba, uBlock Origin ke kanta a Firefox, kuma akwai jaridun Hausa huɗu da nake karantawa kowace safiya waɗanda na kashe musu shi. Ɗaya daga cikinsu ta fara sa bidiyo mai kunna kansa da sauti a watan jiya, na mayar mata da shi, na kuma rubuta musu wasiƙa na gaya musu dalili.